Amsar Anti ga ɗalibin da barci ya ƙaurace wa

(Muryar da Anti ta turo guruf ɗin ɗalibai jiya da daddare. An rubuta ta saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum 'yan guruf. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, na maƙwabta ne. Admin ya turo min saƙon yaron nan da ya ce a sakaya sunansa, na kuma karanta abin da kowa ya rubuta a ƙasa. Ga waɗanda ba su gani ba, ɗan aji biyu ne a Akoka da ke Legas, yana zaune gidan kawunsa a Agege. Ya ce kusan wata biyu ke nan barci ya ƙi shi, abinci ba ya masa daɗi, in ya buɗe littafi layi ɗaya yake ta maimaitawa, ƙwallon da yake so ma ya daina kallo. Tambayarsa ita ce, imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa jifa aka yi masa?

To ƙanena, ni ba malama ba ce, aikin jinya nake yi, ta nan zan ɗauko maganar. Amma bari in fara da ta imanin, don na ga ita ke cin ranka. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Suratu Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki malamai suke kiranta. Wa zai buɗe baki ya ce a can tawakkali ne ya yi ƙaranci? Allah gafarta Malam, abin da kuka rubuta masa na ya yawaita istigfari da azkar, gaskiya ne, ina bayansa ɗari bisa ɗari. Sai dai a haɗa masa da ɗaya hadisin da ku ɗin kuka koya mana, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mai ciwon suga yana addu'a kuma yana zuwa asibiti, ba wanda ya taɓa ce masa imaninsa ya yi rauni.

Yanzu mu zo kan yadda kake wuni. Ba ka faɗa ba, amma a Agege aka haife ni, na san hanyar nan. In kana da laccar ƙarfe takwas, dole ka fita tun da duhu, wataƙila a tasha za ka yi asuba. Danfo zuwa Oshodi, wata zuwa Yaba, sannan ka bi layin motar da ke shiga makaranta. Da yamma ka sake bin gosulo, ka iso gida bayan isha'i jikinka duk ya mutu. Kawu kuma yana jiran ka taya shi lissafin shago, ranar Asabar a ce ka raka yara abbatuwa. Ƙarfe sha ɗaya kana gaban mai shayi, indomi da ƙwai da shayi mai kauri, wannan shi ne abincinka na kirki na farko tun safe. Sai ka ɗora da lemon nan na ƙara kuzari don ka yi karatu. To ka sani, sinadarin da ke cikinsa, wanda ke cikin kofi da goro, bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jininka. Ka sha ƙarfe sha ɗaya, ƙarfe huɗu na asuba bai gama fita ba. Ka kwanta, ido biyu, sai ka jawo waya. Mai shekarunka awa bakwai zuwa tara yake buƙata, kai ko huɗu ba ka cikawa. Wanda ya jera wata biyu a haka, ko ba wanda ya jefe shi, zai ji duniya ta yi masa zafi.

Saboda haka abin da zan roƙe ka na farko ba shi da tsada. Daga la'asar ka yanke shayi mai ƙarfi da kofi da wannan lemon. Ka ci wani abu da safe ko da ƙosai ne da biredi. Waya kuma ka sa ta caji nesa da katifa, inda sai ka tashi tsaye za ka ɗauko ta. Ka gwada jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Yaba, da katin Cowry ake shiga. Ka duba lokutan tashinsa ko zai dace da laccarka, don ko awa ɗaya ya rage maka, wannan awar ta barci ce. Lokacin jarrabawa kuwa ka nemi abokin da ke zaune kusa da makaranta ka riƙa kwana wajensa.

Maganar kawu, a nan ake son dabara. Kada ka je masa da "ina cikin damuwa", zai ce me ka rasa, ci ko sha? Mutanenmu da suka zo Legas da jaka ɗaya suka kwana a rumfar kasuwa, ba sa gane yaron da ke da ɗaki da katifa yana cewa ya gaji. Ba mugunta ba ce, haka rayuwa ta gasa su. Ka bari ya ci abinci ya natsu, ka durƙusa ka ce, Kawu, karatu ya yi nauyi, ina neman alfarmar a ɗauke min shago daga Litinin zuwa Alhamis har a gama jarrabawa. Abu ƙayyadadde, mai farko da ƙarshe. In da hali ka bi ta wajen matarsa tukuna.

To amma kada ka ji na ce barci ka ɗauka shi ke nan. Abin da ya tsaya min a saƙonka shi ne ƙwallon da ka daina kallo. A asibiti, in mutum ya kai mako biyu kusan kullum ransa a ɓace, ko abin da yake so ya fita daga ransa, ga rashin barci, ga rashin ci, ga kasa tattara hankali, ga ganin kansa ba shi da amfani, muna zargin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da ake magani a warke. Kai ka ce wata biyu. Don haka cikin makon nan, ba bayan jarrabawa ba, ka je asibitin makarantarku. Ka faɗa wa likita komai yadda ka rubuta wa admin, kada ka tsaya a "kaina ke ciwo" a ba ka farasitamol ka dawo. Za a iya duba jininka, don ƙarancin jini da matsalar ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod suna kawo irin wannan kasala. Akwai kuma ofishin ba ɗalibai shawara, aikinsu ke nan su zauna su saurare ka.

In aka ce a tura ka Yaba, kada gabanka ya faɗi. Na san abin da ake faɗa a gari, da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba sai a yi dariya. Wurin nan tun 1907 yake, kuma da yawan masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su karɓi magani, su koma ofis ko kasuwa. Akwai sashen a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai a na LASUTH da ke Ikeja. Doka ma ta canja, a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙin a riƙe sirrinsa. Ba kowa ake ba ƙwaya ba, wani zaman tattaunawa ya ishe shi. In an ba ka, ka sani ba ta aiki rana ɗaya, takan ɗauki makonni kafin ka ji sauyi, kuma ba a yanke ta kai tsaye don an ji sauƙi, sai da likita.

Wanda kuma ya rubuta a ƙasa cewa akwai "abin da ke saita kai", na gani kafin a goge. Tiramol da kodin da ƙwayar barcin da ake saya a bayan kanta, wallahi mun ga ƙarshensu a gadon asibiti, har da masu farfaɗiya saboda tiramol. Ba banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Kuɗi kuma, na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ɗalibi barci. Wanda bai nemi bashin karatu na gwamnati, wato NELFUND, ba ya duba, babu ruwa a ciki, suna biyan kuɗin makaranta suna ba da naira 20,000 duk wata, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Bai isa komai a Legas ba, na yarda. Amma ya fi manhajojin bashin nan da in ka makara za su bi lambobin wayarka suna tona maka asiri har wajen kawu. Cacar ƙwallo kuwa ba sai na ce komai ba.

Saura ku 'yan guruf. Mutum biyu sun sa alamar dariya, wani ya ce ragwanci ne, namiji ba ya haka. Yaron nan yana cikinmu, yana karantawa. Da wasu ma da ba su yi magana ba, sun zuba ido su ga yadda za a yi da shi kafin su buɗe nasu bakin. Mu 'yan Arewa a makarantun nan ba mu da yawa, wani shi kaɗai ne Bahaushe a ajinsu, a yi ta hira da Yarbanci yana zaune kamar baƙo, wani ya kira shi da sunan raini ya haɗiye. Ku riƙa lura da wanda ya ɗauke ƙafa. Wanda da shi ake sallar Juma'a a masallacin makaranta yanzu ba a ganinsa, wanda ya bar wanka da wanki, wanda ya daina ɗaga waya. Kada ku tura masa "ya kake", zai ce lafiya lau. Ku je ƙofarsa da abinci, ku zauna, ku yi shiru ku bar shi ya yi magana. In zai je asibiti ku raka shi, zaman layin nan ba ɗan rakiya ne ke sa da yawa su juya. Kai ma ƙanena, kada ka tsare kanka a cikin Hausawa kaɗai. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a nan Legas aka kafa ta a 1954, ka shiga cikinsu, za ka samu abokan karatu da ke kwana kusa da aji.

In kuma wani ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara raba kayansa yana neman yafiya ba dalili, wannan ba lokacin wa'azin wuta ba ne. Ku tambaye shi kai tsaye, kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, a kai shi asibiti a daren. Lambar gaggawa a Legas 112 ko 767, kyauta ne. Ƙanena, in har wannan tunanin ya taɓa zo maka, kada ka jira safiya, ka kira ni yanzu.

Admin, don Allah ka ba shi lambata ta gefe, kada a sa a guruf. Gobe aikin safe nake, ina tashi ƙarfe biyu, in yana so mu haɗu a Yaba in raka shi. Sai da safenku.