Likita Ya Amsa: Yawan Sinadarin Ƙarfe da Sankarar Hanta

Tambaya daga wani magidanci a Zariya: Likita, an gano ina da ciwon hanta nau'in C, kuma gwaji ya nuna sinadarin ƙarfe ya yi yawa a jikina. Ashe abin da ke ƙara jini yana iya cutarwa?

Amsa: Yana iya cutarwa, malam. Hanta ce rumbun da jiki ke ajiye wannan sinadari, kuma jiki ba ya zubar da shi sai kimanin miligiram 1 zuwa 2 a rana. Ita hantar ce ke samar da sinadarin hefsidin, wanda ke hana hanji tsotsar ƙarfen da ya wuce buƙata, amma ƙwayar cutar nau'in C tana rage shi, sai ƙarfe ya yi ta taruwa. Ƙarfen da ya rasa ma'ajiya yana haɗuwa da wasu sinadarai masu ɗauke da iskar oksijin, ya haifar da guba mai cin bangon ƙwayoyin hanta da ƙwayoyin halittar gado da ke cikinsu, kamar yadda fartanyar da ta kwana a raɓa take yin tsatsa. Shekara da shekaru hanta tana gyara wannan ɓarna, tana yin tabo har ta taurare, kuma a cikin yawan gyaran ne ake samun kuskuren da ke zama sankara. Sai dai kumburin hanta kaɗai yana iya ɗaga sakamakon gwajin feritin, wato gwajin jini da ke nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye, don haka a ƙara wani gwajin kafin a yanke hukunci. Nau'in C kuwa yana warkewa da maganin mako 8 zuwa 12, kada ka yi jinkiri.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Maraɗi: Ina da nau'in B, kuma ina shan maganin ƙarin jini saboda kasala. Shin in ci gaba?

Amsa: Hajiya, ki dakata har a auna jininki. Wannan al'ada ta sayen maganin ƙarin jini a kemis da zarar an ji gajiya tana damuna ƙwarai, domin ciwon hantar kansa yana kawo kasala. Idan kina da juna biyu ko an tabbatar jininki ya yi ƙasa, wannan daban ne, ki bi umarnin likitanki. Ki kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna, saboda gubar afalatoksin da hunhunar ke samarwa tana ninka haɗarin sankara ga mai nau'in B.

Tambaya daga wani matashi a Gusau: Na ji ana ɗibar jini don rage ƙarfe. Ƙaho zai wadatar?

Amsa: Ba zai wadatar ba. A asibiti ana ɗibar jini ne bisa awo, tare da bibiyar gwaji. Askar da aka tsaga wani da ita ba a sauya ba kuwa tana iya ɗauko maka nau'in B ko C, ko ta kai naka ga wani.