Ga ɗan'uwan da aka ba batun kos na rukunai ya rasa ta inda zai kama

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce malaminka ya miƙa maka batun kos na rukunai a lissafi (wato mafi ƙarancin awon haɗe-haɗen da za a "biya" don a haɗa duk wuraren da aikin rukuni yake kai juna) ya yi tafiyarsa, wata uku kana juya takardar Gaboriau ta 2000 ba ka ga gabas ba. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar, don ni ma ta nan na biyo.

Ranar seminata ta farko na tsaya gaban allo na rubuta cewa kos ɗin Z² (rukunin tagwayen cikakkun lambobi) biyu ne, tunda janaretocinsa, wato tubalan da ake gina shi da su, biyu ne. Wani babban malami ya cire tabarau ya ce, "Yaro, ka taɓa jin Ornstein da Weiss?" Ɗaki ya yi tsit. Alli ya karye a hannuna, gumi ya jiƙa min bayan riga. Malamina, wanda na kai wa wannan babin sau biyu ya ce "ya yi", yana zaune yana latsa waya, ko kai bai ɗago ba. Da muka fito ma cewa ya yi na zubar masa da mutunci. Shekara shida ke nan, abin yana nan a raina. Sati biyu ban shiga sashen ba.

Kada ka faɗa ramin da na faɗa. A F2 ('yantaccen rukuni mai janareto biyu) kos biyu ne, a F3 (mai janareto uku) uku, shi ya sa ayyukansu ba sa zama da obit iri ɗaya, wato jerin wuraren da aikin rukuni yake kai juna. Amma duk rukunin amenabul (wanda ake iya ɗaukar matsakaici a kansa ba tare da aikin rukunin ya canza shi ba, irin Z²) mara iyaka kos ɗinsa ɗaya ne; wannan daga aikin Ornstein da Weiss ya fito. Ɗauki biro ka gwada Z² da hannunka: ka kira janaretocinsa a da b, ka biya janareto a gaba ɗayansa, b kuma ka biya shi a kan ɗan yanki mai ƙaramin awo ε kawai. Tunda a da b suna musanya wuri, sai ka hau a har ka faɗa yankin, ka yi b, ka dawo da a. Ka biya 1+ε, kuma tunda ε zai iya ƙanƙanta yadda kake so, kos ɗin ɗaya ne. Daren da na gane wannan, da fitilar waya, hawaye na yi.

Takardar Gaboriau ɗin da Faransanci take, ka bar ta tukuna. Nemi littafin Kechris da Miller na 2004, shi ya cece ni. Ka lissafa kos ɗin rukunin matiris SL(2,Z) da kanka har 13/12 ya fito.

Kuma don Allah idan malaminka ya ce ka warware matsalar farashi ɗaya (wato ko duk 'yantattun ayyukan rukuni kos ɗinsu iri ɗaya ne), ko daidaiton kos da lambar Betti ta L² (wani ma'aunin rukuni daban), ka ƙi cikin ladabi. Abin da aka sani shi ne a rukuni mara iyaka, kos in an cire ɗaya ba ya gaza lambar Betti ta L² ta farko. Nawa malamin ya so in kashe shekara a kan sauran.

Duk gyaran da ya yi maka, ya sa hannu da kwanan wata. Ka riƙa cin abinci, ni gyambon ciki na kwaso a shekarar. Turo min babinka ta akwatin saƙo in duba kafin ka hau allo.