Kantocin sito: kada ka ƙera sai an auna, an ba da kafin alƙalami

Wani ɗan kasuwa daga kasuwar Singa a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a kan sari. Ina da ƙani da ya koyi walda a Ƙofar Ruwa, maigidansa ya yaye shi bara. Yana so in ba shi jari ya riƙa ƙera kantocin ƙarfe na sito, mu jera a bakin titi muna sayarwa. Na ware naira miliyan 3. Sana'ar tana da gaba, ko in jawo shi shago kusa da ni kawai?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya ba da ladan zumunci. Sana'ar tana da gaba, ka bar shi a kanta. Jerawa a bakin titin ce ban yarda da ita ba.

Gado da ƙofa da taga ana ƙera su a ajiye, domin awonsu kusan ɗaya ne a kowane gida. Sito kuwa kowanne da kamarsa. Wani dogo ne siriri kamar zaure, wani akwai ginshiƙi a tsakiyarsa, wani kuma rufinsa ko mita 3 bai kai ba. Mai magani kanta marar zurfi yake so, mai hawa da yawa. Mai jarkokin man gyaɗa hawa uku sun ishe shi, amma masu kauri. Idan ƙaninka ya zuba miliyan 2 a ƙarfe ya ƙera guda ashirin da awo ɗaya, duk wanda ya tsaya zai ce "da ta ɗan fi haka tsawo", ya taya da rabin kuɗi, ya wuce. Damina ta zo ta same su a waje, tsatsa ta fara ci, jarinka yana tsaye a rana.

Ka tambayi kanka, kai da kake da sito: me zai sa ka fitar da kuɗi ka sayi kanta? Ai fili kake nema. Ka shiga sitonka gobe da safe ka ɗaga kai. Katan-katan na taliya ko sabulu ba sa wuce tsayin mutum da kaɗan, don in aka ƙara, na ƙasa ya lotse, mai saye ya ƙi shi ko ya nemi ragi. Daga nan har rufi iska kake biya wa haya. A ce hayar siton naira miliyan 1 da dubu 200 ce a shekara, kaya sun yi maka yawa har kana tunanin kama na biyu. Wanda ya zo ya nuna maka cewa da kantocin dubu 900 wannan siton zai ɗauki kusan ninkin abin da yake ɗauka, kuma biya ɗaya ne ba duk shekara ba, ba zai sha wahalar shawo kanka ba. Da wannan lissafin ƙaninka zai riƙa shiga wurin 'yan kasuwa. Idan da maganar ƙarfe ya shiga, za a gwada farashinsa da na kowane mai walda a unguwa, kuma kullum akwai wanda zai yi ƙasa da shi.

Ba kowa ne abokin cinikinsa ba, kada ya ɓata takalminsa. Masu hatsi a Dawanau buhu kan buhu suke ɗorawa, katakon shimfiɗa ya ishe su. Masu dila a Kantin Kwari ma haka, sai dai tun ambaliyar da ta shiga kasuwar a daminar 2022 ta jiƙa kaya, ba sai an yi dogon bayani ba kafin mutum ya yarda a ɗaga masa kayansa daga ƙasa. Inda kasuwar take sosai shi ne wurin masu kaya iri-iri ƙanana: masu kayan gyaran mota, masu kayan waya a Farm Centre, masu littattafai da takarda, manyan kantunan zamani da ake ta buɗewa a unguwanni, sai kuma masu magani, musamman tun da aka mayar da masu sari kasuwar magani ta Dangwauro a 2024. Ƙa'idar ajiye magani ta hana a dire shi a ƙasa ko a jingina shi da bango, ka ga kanta ta zama dole gare su.

Yanzu ga wurin da nake so ka zauna da shi ku yi magana ta gaskiya. Iya walda daban, sanin nauyi daban. Buhun shinkafa kilo 50 ne. Takwas a hawa ɗaya kilo 400 ke nan, hawa huɗu kilo 1,600, duk a kan ƙafa huɗu. Kowace ƙafa tana danna kilo 400 a wurin da bai kai tafin hannu ba. Idan daɓen siton ɓawon siminti ne a kan yashi, ƙafar za ta huda shi a hankali, kanta ta karkace, wata rana yaron shago ya taka hawa na biyu don ya ɗauko katan a sama ta biyo shi. Shi ya sa ake yi wa kowace ƙafa faranti mai faɗi, a ɗaure da noti a cikin daɓe, a gicciya ƙarfe a baya, doguwa kuma a kama ta da bango. Takarda ma tana ruɗin mutane. Katan na rim biyar kilo 12 da rabi ne, talatin a hawa ɗaya sun kusa kai nauyin buhunan nan takwas.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne nesanta ƙafafu don a rage ƙarfe. Mai walda yana ganin idan ya ninka tazarar, lanƙwasar ma ninkawa za ta yi. Ba haka abin yake ba. Ko da nauyin kayan bai ƙaru ba, idan tazara ta tashi daga mita 1.2 zuwa 2.4, lanƙwasar sau takwas take ƙaruwa. Masu ƙera manyan kantocin masana'antu suna da ma'aunin da ba sa wucewa: kada lanƙwasa ta fi kashi ɗaya cikin 200 na tazarar, wato santimita 1 a mita 2. Gwada wannan ba ya bukatar injiniya. A ɗaura zare daga wannan ƙafa zuwa waccan, a loda buhunan, a bar su kwana biyu, a sa tef a tsakiya a ga ratar da ke tsakanin zaren da ƙarfen. Abin da ya fito a rubuta shi da fenti a jikin kantar: hawa ɗaya, kilo kaza. Wannan rubutun yana kare ƙaninka ranar da wani ya loda abin da ya fi ƙarfinta ya dawo yana neman diyya.

Wurin sayen ƙarfe kuma ya tafi da tef da sikeli. Ƙarfe mai kusurwa na inci biyu, mai kaurin milimita 5, kowace mita tana yin kusan kilo 3.8. Idan ya auna ya ga ya gaza sosai, kaurin bai cika ba, ko da me aka kira shi. Tsawon ma ya auna, kada ya ɗauka a baki. Araha ba ta ado, a wannan aikin ma tana iya karya ƙafar mutum.

Wata shawarar da za ta bambanta shi da saura: ya yi walda a wurin aikinsa, ya je sito da noti da sifana kawai. Tartsatsin walda a ɗakin da ke cike da kwali da leda ba abin wasa ba ne, mutanen da suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 sun san yadda dubban shaguna ke tafiya a dare ɗaya. Ban da haka, yawancin masu sito haya suke yi. Kantar da aka haɗa da noti ana kwance ta a tashi da ita. Wadda aka yi wa walda a ciki kuwa ta zama ta mai ginin, ko kuma a yayyanka ta a sayar wa 'yan gwangwan.

Sai kuɗi. Akwai wani matashi da ya zo wurina a farkon 2024, ido ya yi ja. Ya karɓi aikin kantoci na wani babban kanti, aka yi ciniki, aka ba shi kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, ya sayi ƙarfen da kuɗin suka isa, sauran sai an ƙaro. Mai aikin ya yi tafiya. Kafin ya dawo dala ta haura naira 1,500, ƙarfe ya bi ta. Yaron ya gama aikin don ya tsira da mutuncinsa, amma sai da ya sayar da babur ɗinsa. Laifin ba na dala kaɗai ba ne. Kafin alƙalami dole ya isa sayen dukkan kayan aikin a rana ɗaya, ƙarfe da katako da noti da fenti, wanda galibi yakan kai kashi 70 cikin ɗari na kuɗin aikin. Takardar farashi kuma a rubuta a ƙasanta cewa ta kwana uku ce. Cikon a karɓa ranar da aka gama haɗawa, kafin a loda kaya, don da zarar kaya sun hau kanta sai ka fara jin "dawo ranar Asabar".

A lissafin farashi, abubuwan da sababbin masu sana'a ke mantawa su ne man janareta, wayar walda, faifan yanka, guntayen ƙarfen da ba za su moru ba, kuɗin mota da na 'yan dako, da kuma ladan hannunsa shi kansa. Da yawa abin da suke kira riba ladan aikinsu ne kawai.

Miliyan ukun nan, ni da zan raba maka, ba zan bar fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi kayan aiki ba: injin walda, injin yanka, na huda ƙarfe da na huda siminti, ma'aunin daidaito, tsani. Janareta in akwai na haya kusa, ya fara da shi. Daga nan aikinsa na farko ya zama sitonka, kuma ka biya shi kamar baƙo, da rasit. Kana tsakiyar Singa, maƙwabtanka suna shiga suna fita, gani ya kori ji. Ragowar kuɗin su zauna a asusu, kada a taɓa sai aikin da aka riga aka karɓa ya bukata. Ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya buɗe asusu da sunan, domin kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa ba sa son tura kuɗi asusun mutum. A can akwai wani aikin da ba ya cin jari ko kaɗan: haɗa manyan kantocin da ake shigowa da su daga waje, kwance su in za a tashi, da duba waɗanda motar ɗaga kaya ta buga. Ya sani dai, ƙafar irin waɗannan in ta lanƙwashe sauya ta ake yi. Wanda ya miƙe ta da wuta ya yi mata walda ya raunana ta ne kawai.

Tsakaninka da shi kuma, Alhaji, ku rubuta. Kyauta ce, bashi ne, ko jari ne za a raba riba? In jari ne, ku yanke kason kowa tun yanzu a gaban mutum biyu, kuma ka sani a ƙa'idar shari'a asarar da ba ta sakaci ba a kan mai kuɗi take faɗawa, shi ya yi asarar wahalarsa. Na ga 'yan uwa da yawa sun daina gaisawa a kan abin da kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya gane.

Ku fara da auna sitonka a makon nan: tsawo, faɗi, tsayin rufi, faɗin ƙofa, da kayan da suka fi nauyi a ciki. Ya zana, ya yi farashi, ka aiko min mu duba tare kafin a sayi ko da ƙarfe ɗaya.