An ɗauke wuta, yaya zan ceci tankin kifi da murjani?

Malam, ka tambaya yadda kifayen ruwan gishiri da murjaninka za su rayu idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Kada fitila ta dame ka, murjani yana jure kwana biyu zuwa uku a duhu. Abin da ke kashewa da wuri shi ne ƙarancin iskar oksijin, domin da famfo ya tsaya ruwan ya daina motsi.

Sa famfon iska mai batir nan take. In babu, riƙa ɗiban ruwan da kofi kana zubo shi daga sama akai-akai, har da dare. Ka ga kifi sun taso sama suna haki? Iska ta yi ƙasa, ƙara himma.

Zafin ruwan ya tsaya kusa da digiri 25. In sanyi ake, lulluɓe tankin da bargo. In zafi ne, jefa gorar ƙanƙara a rufe. Kada ka zuba ƙanƙarar tsirara, za ta tsarma gishirin.

Daina ba su abinci, domin abincin yana ƙara amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. Ruwan da ya kwana cikin na'urar tace ruwa kuwa, zubar da shi kafin ka kunna ta.

Janareta a waje yake zama saboda hayaƙinsa na kisa, haɗa shi da wayar gida kuma aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne.