Kabewar Amurka da Duman Gidanmu

Ɗana, na ji tambayarka, na kuma ga hotunan da ka nuna mini a waya. Ka ce wata Hajiya mai gidan abinci ce ta turo maka su, tana so a ƙawata mata ƙofa da teburan baƙi irin yadda mutanen Amurka suke yi: an fafe kabewa an sa haske a ciki, an zagaye ƙofa da ganye ja da rawaya. Kana tambaya ko ka sayo kabewa ka fafe, ka tsinko ganyen mangwaro ka fesa masa jan fenti, ko kuwa ka nemo na roba da ake shigowa da su. Ajiye wuƙar nan tukuna, matso kan tabarma.

Abin da ka gani adon lokacin kakarsu ne. A can, daga Satumba zuwa Nuwamba yini yakan gajarta, sanyi ya fara shigowa, koren ganye ya janye, sai rawaya da ja su bayyana kafin ganyen ya zube. A daidai lokacin kabewa take nuna a gonakinsu, masara kuma ta bushe. Ranar 31 ga Oktoba suna da wani biki da yara ke bin gida-gida, shi ne wanda ake yi wa kabewa ido da baki. Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba kuma suna da bikin godiya. To ka lura da abu guda: duk abin da ke cikin hotunan nan, a ƙofar gidansu da gonarsu suka sunkuya suka ɗauka. Wannan sunkuyawar nake so ka koya daga gare su. Kai ma kana da kaka, kuma takan zubar maka da kayan da sun fi ƙarfin hannunka.

Kabewa dai ka bar ta. Jikinta ruwa ne. Ko a sanyinsu, wadda aka fafe ba ta daɗewa take motsewa, balle a nan. Kwana biyu, uku, ta yi laushi, ƙuda ya taru, kuma a ƙofar mai sayar da abinci! Ban da haka, kabewa a wurinmu ta miyar taushe ce, ni kam hannuna ba ya iya lalata abin da wani zai ci. Ganyen mangwaro kuwa da ya bushe zai nannaɗe, fentin ya ɓare. Na roba rana za ta cinye launinsa, kuma duk mai kuɗi zai iya saye. Ina aikin hannunka a ciki?

Kabewa tana da ɗan'uwa a gidanmu, shi ne duma. Danginsu ɗaya, yaɗonsu iri ɗaya, amma Allah ya ba duma ɓawon da in ya bushe yakan zama kamar katako. Dubi abin da iyayenmu suka fitar daga gare shi: ƙwarya, ƙoƙo, masaki, ludayi, gora, jallon alwala, zungurun da amarya ke sa hannu a ciki ranar lalle, shantun da mata ke kaɗawa. Masuntan Argungu a kan gora suke hawa ruwa. Tsiro ɗaya ke nan. Kowane siffa Hajiya take so, zagayayye ko mai dogon wuya, akwai shi a cikin duma.

Sai dai a nan ne aikin yake, kuma a nan yawancin yara ke faɗuwa, domin kowa zane yake ɗoki. Zane shi ne na ƙarshe. Aikin yana farawa daga zaɓe. Duman da aka tsinke bai ƙosa ba, kome gwanintarka sai ya lotsa. Ka nemi wanda aka bari a jikin yaɗonsa har mariƙinsa ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. In ya amsa da ƙarfi, madalla. Danna shi da farce. In farcen ya shiga, mayar wa mai shi. Wanda ka zaɓa ka kai shi inuwa inda iska ke wucewa, ka ɗora kan kara ko ka rataye, kada ya taɓa ƙasa saboda gara, kana juya shi bayan 'yan kwanaki. Ƙanana sukan bushe cikin makonni, manya sai an haɗa da watanni. Za ka ga fumfuna ta hau bayansa, baƙi-baƙi da fari-fari. Kada ka tsorata ka zubar, muddin ɓawon na da tauri, fatar waje ce kawai take mutuwa. Ranar da ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka girgiza ka ji 'ya'yan suna kacau-kacau, ranar ya zama naka.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake nanata wannan. Ina da ƙuruciya a sana'ar nan, wani otal ya ba ni aikin goruna masu yawa na adon zaure, kuma suna sauri. Waɗanda nake da su ba su kai adadin ba, sai na cike da waɗanda ba su gama bushewa ba, na zana, na shafe su da man ƙyalli irin na kafintoci. Ranar da na kai, kowa yana sambarka. Ba a yi wata guda ba aka aiko mini. Man ya toshe musu numfashi, ruwan da ya rage a ciki ya rasa hanyar fita, suka ruɓe daga ciki, zauren ya ɗauki wari. Na biya da aljihuna, kuma kunyar da na sha ta fi kuɗin zafi. Har yau in na tuna sai in ji a ƙirjina. Magabata da suka ce ba a fafa gora ranar tafiya, masu wannan sana'ar ne suka fi kowa sanin abin da suke nufi.

In ya bushe, jiƙa shi kaɗan, ka kankare fatar wajen da bayan wuƙa har ɓawon ya fito fes. Kada ka tsallake wannan, domin rini ba ya kama fatar nan mai santsi. Wurin fafewa, zagaya zare a jikinsa ka bi da gawayi don layin ya miƙe, sannan ka yanka da ƙaramin zarto, sannu a hankali. Ɗaure hanci da ƙyalle kafin ka kwashe totuwar, ƙurarta tana shaƙe mutum. Kuma totuwar duma mai ɗaci guba ce. Kada ka zubar inda awaki ko yara za su kai. In ƙwaryar za ta taɓa abinci, ko da gyaɗa ce za a zuba a kan tebur, sai ka jiƙa ta kwanaki kana sauya ruwan har ɗacin ya fita. Daga nan samfefa, ciki da baki.

Zane kuma hanya biyu nake so ka riƙe. Ta farko yanka: ka rina ƙwaryar ta yi duhu, ka bi ta da tsinin wuƙa, ka goga alli a cikin layukan, farin ya fito a kan duhun. Ta biyu ƙuna, ita ce na fi so. Ba ka bukatar sayen kome. Doguwar ƙusa ko tsinken ƙafar keke, ka kafa a guntun itace ya zama mariƙi, ka yi guda uku, ka jera a garwashi. Kana aiki da ɗaya biyu suna zafi. Ƙarfen da ya yi ja sosai huda yake yi, wanda ya huce kuma jan hannu yake sa ka ka danna, layin ya karkace. Tsakaninsu ake nema, kuma wannan ba a faɗarsa da baki, sai ka ɓata fasassun ƙware goma kafin hannunka ya gane. Fara da layi da ɗigo, ka bar dagi sai ka ƙware. Ranar da ka shiga Kano ka ratsa kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ka tsaya wurin masu ƙore ka ƙare musu kallo. In kuma Allah ya kai ka Adamawa, ka roƙi matan Fulani su nuna maka nasu. Ni ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nasu ba.

Hasken da Hajiya ta gani a cikin kabewa, gora zai ba ta wanda ya fi shi. Yanke gindinsa, ka huhhuda jikinsa da ƙusa mai zafi bisa zanen da ka tsara, manyan huji da ƙanana. In dare ya yi, hasken zai watsu a bango kamar taurari. Amma ka ji ni da kyau: ƙaramar fitila mai batir za ka sa, ban da kyandir, ban da aci-balbal. Busasshen duma da kara a cikin iskar hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa. Ko Hajiya ta nace, ka ce maigidanka ya hana.

Launukan da ta ke sha'awa, ja da rawaya da ruwan ƙasa, su ne launukan kakarmu ma. Dawa kaura ga ta rawaya, farfara fara, jar dawa ga ta, zangarniyar gero da maiwa ga su dogaye. Zoben ganyen nan da mutanen Amurka suke ratayewa a ƙofa, ai gammo ne babba. Naɗa busasshiyar ciyawa ko kaba kamar za ka yi gammo, ka ɗaure da igiyar rama. In kana son mai faɗi, tsohon faifai ko tsohon gargaren keke ya ishe ka. Sai ka bi shi da kawunan dawa, duk suna fuskantar gefe guda kamar ana bin juna, kowane ɗauri yana rufe gindin na gabansa. Tsakankani ka saƙala busasshen barkono, ɓawon masara da ka tsattsaga, da ƙananan ƙoƙuna biyu ko uku. Kada ka cika. Abin da aka cunkushe ba ya numfashi, ido ma ba ya samun wurin sauka.

Hatsi kuwa yana da masu binsa. Tun daga gona ƙwari suke shigowa da shi, kuma in ka rataye haka nan, bayan 'yan makonni gari zai riƙa zuba a kan teburin baƙi. Zuba kawunan a baƙar leda, ka ɗaure bakin, ka shanya a tsakiyar rana kwana biyu ko uku. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwarin da ƙwansu. Ka kakkaɓe ƙaiƙayin sosai, kada wani ya zo cin abinci ya tashi yana susa. Kuma kaɗan za ka ɗiba, hannu biyu ko uku, sauran ka cike da waɗanda aka riga aka sussuke. Dami na rumbu ne.

Rini ma yana cikin gida. Karan dafi, wato dawar rini, in ka daka ka jiƙa da ruwan toka ko kanwa, ja zai ba ka. Shi dukawa ke rina jar fata da shi, kuma ganyen irin wannan dawar ne matan zango a Gana ke jefawa cikin shinkafa da wake ta yi ja. Gangamau na ba da rawaya, sai dai ba ya son rana, ka bar shi ga kayan cikin ɗaki. Baƙi kuwa, jiƙa bagaruwa, ka zuba mata ruwan da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa suka kwana a ciki, ka ga ikon Allah. Zoɓo kada ya ruɗe ka, kyansa na kwana kaɗan ne. In rinin ya bushe, ɗan man kaɗe a tsumma, ka murza har ƙwaryar ta yi sheƙi. Shi ba ya toshe ta.

Sauran tarkacen gida ba sai na daɗe a kansu ba, idonka zai nuna maka. Gwangwanin madara ko na tumatir, ka jera masa sillen kara a jiki ka ɗaure, ya zama mazubin zangarniya a kan tebur. Kwalba ka naɗe ta da igiya da ɗan gam. Ƙyallayen atamfa da tela ke sharewa, buhun algarara da ya yage, totuwar masara, ƙwallon goriba, ɓawon 'ya'yan kuka, duk kaya ne. Motar karan da ka yi kana yaro, wannan hannun ne dai, girma kawai zai yi. Abu ɗaya na hana ka: idon zakara. Na san jansa da baƙinsa na ɗaukar ido, amma ƙwayar nan dafi ce mai kisa in aka tauna, kuma gidan abinci ba ya rasa yara.

Ka kuma yi tunanin gaba. Sallah ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara takan matso da kwana goma ko sha ɗaya, bikin aure da suna kuma ba su da wata. Masu neman ado za su zo maka a bazara, su zo a tsakiyar marka, lokacin da ba duma a gona ba zangarniya. Wanda ya tara a kaka shi zai amsa musu. Saboda haka bana ka sayi fiye da bukatar Hajiya, ka busar, ka jera a buhu da busasshen ganyen darbejiya a tsakani, ka rataye a sama inda ɓera da laima ba sa kaiwa.

Ita kuma Hajiya, kada ka yi mata musu a waya. Akwai goruna huɗu a saman rumfar nan tun bara, sun bushe ƙayau. Ɗauki biyu, ka yi mata fitila ɗaya da zoben ƙofa ɗaya, ka kai mata bayan magariba, ka kunna a gabanta. In za ka yanka kuɗi, ka ƙirga kwanakin da ka yi, ba kuɗin duma kaɗai ba. Gobe da sassafe ka hura gawayi, ka kawo ƙusoshi uku da fasasshiyar ƙwaryar can ta bayan ƙofa, mu fara da layi madaidaici.