Tambaya da Amsa: Aradu ta ƙona mana suwic, ya zan riƙa ajiye saitin a wani wuri?

Tambaya: Salam Malam, ni ke kula da netwok ɗin wata makarantar kuɗi a Zariya. Daminar bara aradu ta faɗi kusa da mu ta ƙona mana suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu a netwok, Cisco Catalyst 2960, da aka sayo wani kwana uku na yi ina sake saita VLAN (rukunonin da ake raba netwok zuwa gare su) da fot fot (ramukan jona waya) daga ka don babu inda na rubuta komai, alhali kullum ina yin write memory. Dan Allah ya zan yi in riƙa ajiye saitin a wani wuri daban?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Write memory ɗin da kake yi kwafe running-config (saitin da ke aiki yanzu) yake daga RAM zuwa startup-config (saitin da suwic ke tashi da shi) a NVRAM, ma'ajiyar da ba ta gogewa in an ɗauke wuta, kuma duk a cikin akwatin suke, ka ga da akwatin ya ƙone ajiyar ma ta tafi. NEPA kawai yake kare ka da ita, ba aradu ba.

Mafi sauƙi TFTP, wata hanyar tura fayil ta netwok. Ka sa manhajar Tftpd64 a kwamfuta don ta karɓi fayil ɗin, ka yi ping ka tabbatar ita da suwic ɗin suna ganin juna, sai ka buga copy running-config tftp: zai tambaye ka adireshin IP da sunan fayil, shi ke nan. In ka ga yana ta timeout, yawanci fayawol ɗin Windows ne ya toshe UDP 69, ƙofar da TFTP ke bi, je ka buɗe kafin ka fara zagin suwic. Amma fa TFTP ba shi da fasuwad kuma komai a fili yake tafiya, ga shi fayil ɗin na ɗauke da fasuwad ɗinka, irin type 7 ɗin nan, salon ɓoye fasuwad na Cisco mai rauni, ko yaro zai warware ta cikin minti ɗaya, to kar ka kuskura ka tura shi ta intanet. In saba ɗin, wato kwamfutar da za ka ajiye fayil ɗin, tana wani reshe ko wani gari, yi SCP, shi ta SSH yake bi a fot 22, hanyar da ke ɓoye abin da ake turawa: copy running-config scp://suna@adireshi/fayil

Ga inda mutane da yawa ke shan mamaki. In suwic ɗin yana VTP server (VTP tsarin Cisco ne na raba bayanan VLAN tsakanin suwic da suwic), wanda haka yake zuwa daga kamfani, VLAN ɗinka ba sa cikin running-config, suna cikin wani fayil vlan.dat a flash. Shi ma kwafe shi da copy flash:vlan.dat tftp: in ba haka ba ranar da ka dawo da saiti za ka sake wani kwana ukun.

Ni dai ban yarda da "zan riƙa tunawa" ba, mutum ne, za ka manta. Shiga archive, wato sashen saitin suwic da ke tura kwafi da kansa, ka ba shi path, wato inda zai riƙa ajiyewa, ka sa $h da $t don sunan suwic da lokaci su fito a sunan fayil, ka ƙara write-memory da time-period 1440, wato duk minti 1440, sau ɗaya a rana. Ka saita NTP, mai daidaita agogo ta netwok, tukuna, don agogon 2960 in ya tashi 1993 yake komawa.

Kuma wani wuri na nufin wani gini, ba kwamfutar da ke jone a soket ɗaya da suwic ɗin ba. Wata Asabar ka samu suwic da ba a aiki da shi, ka shiga da wayar konsol ka ba shi IP, ka yi copy tftp: startup-config, ka dawo da vlan.dat da copy tftp: flash:vlan.dat, ka yi reload, ka duba ko VLAN ɗinka duk sun dawo.