Amsa kan ƙadangaren da ke fitowa idan data ta ƙare

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya wane ne ya zana ƙadangaren nan da ke fitowa a Chrome, manhajar Google ta shiga intanet, duk lokacin da intanet ta ɗauke, me ya sa aka yi shi da ƙaton kai da 'yan mitsi-mitsin hannaye, kuma ko akwai dabba irinsa a gaske. Na ga wasu sun ce maka damo ne, wani ma ya ce kada. Bari in sa baki, don ni da dabbar nan mun yi zaman wata guda cur muna kallon juna.

Shagon buga takardu da gyaran waya gare ni a Gusau. A farkon Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aiki ya tsaya cak. Masu hali suna tafiya har Funtuwa don su buga waya ko su tura kuɗi, mu kuwa muna zaune muna korar ƙuda. Wata rana yaron shagona ya buɗe kwamfuta bisa sabo, shafin "babu intanet" ya fito, gwiwar hannunsa ta danne dogon maɓallin nan na ƙasa, sai ga dabba ta yi tsalle ta ruga. Ya ja da baya ya ce, "Oga, wanga ƙadangare rai garai!" Kafin mako ya zagayo, yaran layinmu sun mai da shagon dandali. Kwalin firinta muka manna a bango muna rubuta makin kowa da biro. Wani tela maƙwabcina, mutum mai 'ya'ya shida, shi ya riƙe kambu har aka dawo da layi.

To, ba damo ba ne. Kakan ƙadangare ne, wato dainoso, irin wanda masana suka sa wa suna Tyrannosaurus rex. A cewarsu ya rayu a yammacin Amurka ta Arewa tsakanin shekara miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce. Wani masani, Barnum Brown, ya tono ƙasusuwansa a jihar Montana a 1902, aka raɗa masa suna a 1905. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya ya kai mita 12, amma hannunsa bai wuce kamar mita ɗaya ba, da yatsu biyu kacal. Ka ga ke nan mai zanen bai yi masa sharri ba, haka halittar take.

Wasan kuwa ma'aikatan Google uku ne suka haɗa shi a 2014: Sebastien Gabriel, wanda ya zana dabbar, da Alan Bettes da Edward Jung. Tsokana ce asalin abin. Nufinsu, duk wanda intanet ta yanke masa tamkar ya koma zamanin da ba a san komai ba, zamanin kakannin ƙadangaru. Ranar da na karanta wannan sai da na yi dariya, don abin da su suke ɗauka tsautsayin minti biyar ne, mu nan abincin yau da gobe ne. A cikin gida suna kiran aikin Project Bolan, saboda wani mawaƙin Ingila, Marc Bolan, da sunan ƙungiyarsa T. Rex, wato gajeren sunan dabbar. Fitowar farko a watan Satumba ba ta yi daɗi a tsofaffin wayoyin Android ba, sai da suka sake rubuta shi, ya daidaita a Disamba.

Inda abin ya fi burge ni shi ne zanen kansa. Da zama ya ishe ni, na ɗauko takardar lissafi mai gida-gida na ce sai na kwaikwaye shi. Duk dabbar a cikin fili mai ɗigo 44 a faɗi da 47 a tsayi take, launi ɗaya, toka-toka. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula zai gane aikin nan take: gida ɗaya ka cike, gida ɗaya ka bari, daga nesa sai fure ya fito. Idon nasa ɗan gurbi ne fari da aka bari ba a cike ba. Na gwada matsar da shi gida ɗaya zuwa baya, wallahi sai ya koma kamar agwagwa. Na ƙara wa hannun tsawo kaɗan, sai ya zama wani abu tsakanin kare da ɓera. A nan na gane kan da hannun su ne dabbar gaba ɗaya, sauran jikin rakiya ya yi.

Gudun ma hoto biyu ne kawai ake musanyawa, ƙafar dama sama, ƙafar hagu sama. Wutsiya ba ta motsi, baki ba ya buɗewa. Da gangan suka bar shi a sandare kamar wasannin bidiyo na da. Sun yi tunanin sa masa gurnani da ɗan shuri, daga baya suka watsar, suka tsaya kan abu uku: gudu, tsalle, sunkuyawa. A ganina wannan ne ya sa ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi take ɗaukarsa ba tare da ta yi zafi ba. Amma akwai wata 'yar ƙawa da suka ɓoye. Ka buɗe shafin ka ƙyale shi, kada ka taɓa komai, ka zuba masa ido: zai ƙifta maka. Yaron shagona ya rantse harararsa yake yi.

Kada dai ka ɗauki wasan a matsayin darasin kimiyya. Na gaskiyar ba a miƙe yake tafiya kamar mutum ba, jikinsa a kwance yake, kai gaba, wutsiya a sama tana daidaita nauyi. Itacen ƙayar da yake tsallakewa, mai kama da ƙerana, bai zo duniya ba sai bayan dainoso sun ƙare da miliyoyin shekaru. Masu fukafukan nan da aka ƙara daga baya, waɗanda ke zuwa saitin kai, su ma 'yan'uwa ne kawai, masana ba sa lissafa su cikin dainoso. Tsuntsaye ne ma masana suke cewa jikokin dainoso, har kazar da ke tsakar gidanku.

Kuma kada ka zaci irin waɗannan ƙasusuwa sai ƙasar Turawa. Nan maƙwabtanmu Nijar, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, an tono Nigersaurus, mai cin ciyawa da faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wanda masani Paul Sereno ya sa wa suna a 1999. A ƙasar Sakkwato ma an samu wata dabbar ruwa ta wancan zamani, aka kira ta Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Da ni ne mai zane, da wannan mai faffaɗan bakin zan sa yana tsallake tumfafiya.

A 2018 Google ta ce ana buga wasan sau miliyan 270 a kowane wata, galibi a ƙasashen da data ke da tsada ko take yawan yankewa, irin su Indiya da Barazil da Indunusiya. Masu shi sun ce sai ka yi shekara miliyan 17 kana gudu kafin ka kai ƙarshe, don haka kada wani ya ruɗe ka cewa ya gama shi.

Idan kana son gwadawa ba sai ka kashe data ba, rubuta chrome://dino a wurin adireshi na Chrome. A waya taɓa fuskar kawai za ka yi ya yi tsalle, a kwamfuta kuma kibiyar ƙasa ce ke sunkuyar da shi. Ka kula idan ka kai maki 700, gari zai rikiɗe ya koma dare, fari ya zama baƙi. A nan yawancin yaranmu suke cin karo, don ido yakan ɗauke na ɗan lokaci. Telan nan dabararsa ita ce ya ƙanƙance ido tun yana 690.